Ranar da Na Kare Ƙwaryar Aro da Gadon Bayana

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka yi wasa a Bungudu ba, kuma ko ni na so in manta, gadon bayana ba zai yarda ba.

Ni ne mai kula da dandamali a wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Gusau. "Manaja" 'yan ƙungiya suke ce mini, ni kuma ina amsawa da ƙarfi, don sunan yana yi mini daɗi. Aikin dai ba na a zo a gani ba ne: in kafa zana ta zama bango, in shimfiɗa tabarmi, in ajiye kowane kaya inda ɗan wasa zai miƙa hannu ya same shi, in tura wanda lokacin shigarsa ya yi, in riƙe rigar mai gaggawa. 'Yan kallo ba sa ganina, kuma haka ake so. Ina da wani littafi mai baƙin bango da na jera duk abin da za a yi a cikinsa, daga tayar da janareta har naɗe tabarmar ƙarshe. In na gama abu sai in ja masa layi da biro. Na sha kaɗa littafin nan a gaban hancin 'yan wasa ina gaya musu cewa abin da ba a ja wa layi ba, ba a yi shi ba. (Har kirari nake yi wa kaina a kan wannan magana, Allah Ya yafe mini.)

Wasan da muke yawo da shi a lokacin na sulhu ne tsakanin manomi da makiyayi. Shanu sun shiga gona, manomi ya fusata, ya tare matar makiyayin a hanya tana tallan nono, ya sa ƙotar fartanya ya fasa mata ƙwarya. Daga nan ne labarin yake juyawa, kunya ta kama shi, dattawa su shiga. Lawali ne yake fitowa manomin, wani ƙato da ba ya iya dukan wasa, komai da gaske yake yi. Rabi ce mai nono. Ni kuwa nawa shi ne ƙwarya. Nakan sayo masu araha a kasuwar Gusau, in tsattsaga su da wuƙa daga ciki don bugu ɗaya ya tarwatsa su, in shafa musu farar ƙasa, in yi 'yan zane-zane da gawayi.

A Gusau komai ya tafi sumul. A Tsafe ma an tafa mana, amma bayan an tashi wani dattijon Bafulatani ya zo ya gaishe mu, ya yaba wasan, sannan ya ɗauki ɓarin ƙwaryata ya jujjuya. Ya ce shi dai a rugarsu ko kaji ba a ba su ruwa a irin wannan. 'Yan wasa suka kama maganar kamar an ba su goro. Tun daga Tsafe har muka dawo Gusau a cikin bas, da na buɗe baki sai wani ya yi kukan kaza. Na yi dariya tare da su, amma a raina abin ya ci ni ƙwarai.

Saboda haka da muka isa Bungudu, ana gama kafa zana a filin makaranta na nufi inda masu nono suke zama. A nan na ga ƙwaryar da ta tsaya mini a rai, babba, an sassaƙa mata zane tun daga baki har gindi, hannu ya goge ta har tana ɗaukar ido. Mai ita wata tsohuwa ce, Inna Hajjo. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙi aro na awa biyu. Ta ƙi. Ta ce ta uwarta ce, da ita aka kai ta ɗakin miji, kuma ba kullum take fitowa da ita ba. Na yi ta magiya, na ce a ka kawai za a ɗauke ta a zagaya fili sau ɗaya a dawo mata da ita. Abin da ban gaya mata ba shi ne a wasan akwai wurin da ake fasa ƙwarya. Daga ƙarshe ta juye nononta a wata, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Amana ce, ɗan nan." Sannan ta tattara kayanta ta biyo ni, ta zauna a sahun gaba na mata, idonta a kan zanar da na shige.

Dabarata mai sauƙi ce. Rabi za ta fito da ƙwaryar Inna a fitowar farko, kowa ya gani ya yaba. In ta dawo bayan zana, sai in ɗauke ta Inna daga kan kujerar da Rabi take ɗaukar kaya, in ɗora tawa mai tsaga. Don kada a lura, na zauna na kwaikwayi zanen iyakar iyawata, na zuba ƙullun gero mai ruwa a duka biyun, na rufe kowace da faifai iri ɗaya. Na rubuta a littafi: canja ƙwarya.

Fitowar farko ta yi kyau, har na ji mata suna cewa lallai waɗannan sun san abin da suke yi. Rabi ta dawo, na canja ƙwarya, na ɗaga biro zan ja layi ke nan sai aka ce ga hakimi ya iso. Kun san yadda abin yake, komai tsayawa yake yi. Daraktanmu ya ja hannuna muka zagaya ta baya, muka cire takalma, muka zube muka yi gaisuwa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Gusau, aka sa mana albarka. Da na dawo a guje na buɗe littafi, sai na ga "canja ƙwarya" babu layi. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Na ce kai, saura ƙiris, na ɗauke wadda take kan kujera na ɗora wadda take ƙasa, na ja layi mai kauri, har ina jinjina wa kaina. Rabi ta zo ta ɗauka ta fita.

Na zauna ina hutawa, na jawo wadda ta rage don in wanke wa Inna kayanta. Ina buɗe faifai, na sa hannu a ciki, sai yatsana ya bi ta kan tsagar wuƙa. Tsagar da na yi da hannuna.

Na leƙa ta ramin zana. Ƙwaryar Inna Hajjo tana ƙasa a tsakiyar fili, rana tana haska zanenta. Lawali ya riga ya fara faɗan da yake yi kafin duka, kuma na san jimla biyu suka rage masa. Manoma a gefe ɗaya, Fulani a gefe ɗaya, hakimi a tsakiya, a wasan da muka ce na sulhu ne, za mu fasa wa tsohuwa gadon uwarta a gaban idonta. Na yi ta yi wa Lawali alama da hannu, amma mutumin in ya shiga wasa ko gidansu ne yake ci da wuta ba zai waiwaya ba.

Ban san lokacin da na ture zanar ba. Ni da shekara da shekaru ɗan kallo bai taɓa ganin ko inuwata ba, sai ga ni a tsakiyar fili da gudu, biro a bayan kunne, takalmi ƙafa ɗaya. Na faɗa kan ƙwaryar na rungume ta a ƙirji, ƙullu ya wanke mini fuska, ƙotar fartanya ta sauka a gadon bayana da duk ƙarfin da Allah Ya ba Lawali. Ihun da na yi ya shiga makirufonsa, lasifika ta kai shi har bakin titi.

Fili ya yi tsit. Lawali ya tsaya da ƙota a hannu, ya rasa abin yi, sai ya tambaye ni da muryar manomin, "Kai kuma wane ne?"

Da ina da wayo da na ce maƙwabci ne. Amma ina kwance, ƙullu yana ɗiga daga gemuna, na ce, "Ni ne Manaja."

Dariyar da aka yi a filin nan har yau ina jin ta. Rabi da ya kamata ta fashe da kuka ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Lawali, Allah Ya saka masa, ya jefar da ƙotar ya ce tunda har baƙo ya ba da bayansa saboda ƙwaryar da ba tasa ba, shi ya ji kunya. Dattawan wasa suka shigo a kan wannan, aka ci gaba. Ni kuma na ja jiki na koma bayan zana a duƙe, ina rungume da ƙwarya kamar jariri.

Da aka tashi hakimi ya ce wurin da ya fi burge shi shi ne na mutumin da ya shiga tsakani, darakta kuma ya karɓi yabon ko kunya babu. Ni ba ta su nake yi ba. Na wanke ƙwaryar, na goge, na kai wa Inna Hajjo a durƙushe. Ta ɗaga ta ta duba a rana, ta bi bakin da yatsa, ta ƙwanƙwasa gindin ta kasa kunne. Ta daɗe tana yi. Can ta ce lafiya lau take. Wallahi ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba, har zafin bayan ya tafi na ɗan lokaci.

Sai ta dube ni ta ce, "Da ka hwaɗa mani dukanta za a yi, da ban ba ka ba." Na ce haka ne, Inna, na yi laifi. Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta ce in sa man shanu a wurin, baya yana warkewa, ita kuwa wagga ba ta warkewa.

A kife na koma Gusau, a kan tabarmi a bayan bas, kowane rami na hanya yana gaishe ni, amma raina fes. Littafin yana nan har yanzu, ina kuma jan layina. Sai dai na koyi abu biyu: in zan ari kayan mutum, nakan gaya masa har inda sanda take a cikin labarin, kuma komai abin da littafi ya ce, sai na ɗaga faifai na duba da idona.