Yaƙin Nomau da Tukunyar Jego

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, ga tarihin Nomau ɗan Jatau ɗan Barmo, jikan Cindo ta wajen uwa, wanda ya taɓa korar kura da murfin tukunya, tattaɓa-kunnen Mati Dogo wanda tarinsa kaɗai ke tayar da unguwa sallar asuba. Shi ne Sarkin Facin Taya na Tungar Bauna, Barden Famfo, Garkuwar Kekuna, gwarzon da ba a taɓa kawo masa taya ta kwana da huji ba sai in gam ne ya ƙare.

A shekarar da kogi ya fusata, ya cinye gada, ya kewaye Tungar Bauna gabas da yamma har garin ya koma kamar ƙwarya a tsakiyar tafki, a cikin wannan musiba ce matarsa Lantana ta haihu. Kwana biyar ke nan ruwan sama bai ɗauke ba. Itacen jego kuwa, wanda sadaukin ya yi wata uku yana tarawa a bayan ɗaki, yana jan baƙi su je su gani su yaba, ya sha ruwa ya ƙoshi, har in an ɗaga guda sai ya riƙa zubar da hawaye. Ga mai jego kwance tana rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, ba ruwan wanka, ba kunun kanwa.

Sai surukarsa Inna Yalwa, wadda ta iso garin kafin gada ta tafi, ta fito da damin ganyen darbejiya, ta girka ƙatuwar tukunya a murhu, ta cika ta fal. Da yake suruka ba ta duban mijin 'yarta ido da ido, sai ta juya ta fuskanci katanga.

"Katanga," in ji ta, "ki gaya wa masu gidan nan, 'yata ba kifi ba ce. Ruwan zafi take so."

Nomau ya durƙusa daga bayan rumbu, ya sunkuyar da kai, ya amsa wa rumbun: "A gaya wa Inna, yanzu-yanzu."

Da wannan kalma aka ɗaura yaƙi.

Ya fara da rundunar jiƙaƙƙen itace. Ya jera su sahu-sahu, ya ƙyasta ashana, ta mutu, ya ƙyasta wata, ta bi 'yar'uwarta, har tsinke goma sha bakwai suka yi shahada a wannan fage ba tare da an san kabarinsu ba. Ya kwanta rub-da-ciki a cikin taɓo yana hurawa, kumatu kamar na mai algaita, idanu jawur, hanci na zuba, amma abin da ya samu na ganima hayaƙi ne fari wanda ya kori sauro da kaji, tukunya kuwa ko gezau.

Bai karaya ba. Ya naɗe wando, ya keta ruwa har gwiwa zuwa turken maƙwabci neman busasshen kashin shanu, wanda magabata suka dafa tuwo da shi a shekarun tsanani. Ya tarar duk ya narke ya zama kunu. Ya dawo da takalmi ɗaya.

Daga nan ya auka wa dangar gidansa, ya zare karan da ke ƙarƙashin rumfa, wanda ruwa bai taɓa ba, ya haɗa da totuwar masara cikin kwando. Wuta ta tashi fuu, ta yi tsalle, ta haskaka fuskarsa, har ya buɗe baki zai yi kirari. Kafin kirarin ya fito ta mutu. Ruwan tukunya bai ma ji labari ba. Awakin maƙwabta dai sun ji, domin ta kafar dangar suka shigo su bakwai suka fara cin ganyen darbejiya.

A nan ne Shaiɗan ya raɗa masa shawara. Sadaukin ya tuna shi fa Sarkin Faci ne, kuma taya ba ta san damina ba. Ya jawo tsohuwar tayar babur, ya yanka, ya cusa a murhu. Wallahi ta ci. Ta ci da baƙin hayaƙi mai wari, wanda ya murtuke tsakar gida, ya kutsa ɗakin mai jego, jaririya ta shiga tari, Lantana ta shiga salati. Inna Yalwa ta fito a guje ta sheƙa wa wutar ruwa.

"Katanga! Tambaye shi, jego muke yi ko babbakar kan saniya? Ko so yake ya kashe min jika?"



Sai Nomau ya miƙe, fuska baƙa ƙirin, ya bi dukiyarsa da kallo irin na sarkin yaƙin da ke zaɓen wanda zai tura gaba. Ya dubi turmi, ya tuna da shi za a daka kayan kunu. Ya dubi ƙotar fartanya, ya tuna gero na gona. Ya dubi allonsa na karatu, ya yi istigfari sau uku. Can idonsa ya sauka a kan ƙyauren ɗakinsa, katakon maɗaci mai kauri, busasshe ƙayau, gadon Jatau daga Barmo, wanda ya ga sarakuna huɗu da fari biyu bai tsage ba.

"Sai ni Nomau na Jatau!" ya yi kururuwa, awaki suka watse. "Yau ko ni ko tukunya!"

Ya ɓalle ƙyauren, ya kwantar da shi, ya ɗaga gatari. Masu tarihi sun saɓa a kan yawan saran, wasu sun ce tara, wasu sun ce goma sha biyu har da wanda ya samu ƙasa. Abin da aka haɗu a kai shi ne, maɗaci ya kama, ya ci a natse ba gaggawa, ya yi garwashi ja, kuma kafin azahar tukunyar da ta raina mazaje ta fara gunaguni, ta yi kumfa, ta tafasa.

Aka yi wanka. Aka dama kunun kanwa a kan sauran garwashin. Lantana ta sha ƙwarya guda, gumi ya karyo mata, rawar sanyi ta tafi, ta yi barci da 'yarta a gefe.

Gwarzon ya koma ɗakinsa, ya zauna a kan kujera yana jiran yabo. Da ya hango Inna Yalwa tafe, ya miƙa hannu zai turo ƙofa don kunya, hannun ya kama iska. Sai ya ɗauki faifai ya rufe fuska.

Inna ta tsaya, ta juya ga katanga.

"Katanga, ki ce an gode, Allah ya yi albarka. Na safe ke nan. Na yamma bayan la'asar ne, kuma kwana arba'in ake yi."

Nomau ɗan Jatau ɗan Barmo ya sauke faifan. Ya miƙe a hankali, ya juya, ya tsaya yana duban kujerar da ya tashi a kai.