Rasuwar 'Yar Aike, Wadda Ta Karɓi Saƙo Ba Ta Kai Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Auta mai ɗakin ɗaukar murya yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da masu kawo masa aikin talla rasuwar kwamfutarsa ta hannu, wadda gida da waje aka fi sani da 'Yar Aike. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, bayan doguwar jinya da gajeriyar faɗuwa. Iyali sun so a rubuta cewa ta rayu amintacciya, amma Auta ya ce a ajiye wannan kalmar tukuna, a fara jin yadda aka yi.

Ga wanda bai san gidan ba, ɗakin ɗaukar muryar sito ne a da. Auta ya kwashe tarkacen ciki, ya lulluɓe bango da soso da tsofaffin barguna, ya kafa makirufo a tsakiya. Babbar kwamfutar da ke ɗaukar sautin ba ta zama a ciki, domin fankarta tana huci, makirufo kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Saboda haka aka ajiye ta a ɗakin da ke kusa. Shekara da shekaru Auta yana zarya: ya danna maɓalli a can, ya rugo nan, ya rufe ƙofa, ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya fara karanta tallan sabulu. In harshe ya sarƙe, ya sake tashi. Matarsa ta shaida cewa bai taɓa ajiye tumbi ba sai da marigayiya ta shigo gidan.

Aikin marigayiya guda ɗaya ne, kuma daga nan ta samo sunanta. Ana buɗe wani shafi a burauzarta ta shiga intanet, shafin yana magana da manhajar da ke babbar kwamfuta ta hanyar akwatin waya-fai na gida. A fuskarta akwai maɓallai manya, na ɗauka da na tsayawa da na komawa baya. Auta ya taɓa da ɗan yatsa daga inda yake zaune, ita ta kai saƙo, babbar kwamfuta ta aikata. Duk lokacin da aka taɓa na ɗauka sai ta ce ƙit, maɓallin ya koma ja, ɗan agogo ya fara ƙirga a sama. Wannan ƙit ɗin Auta ya yarda da shi fiye da yadda ya yarda da alkawarin mutane da yawa.

Ba za a ɓoye alherinta ba. Ta yi haƙuri da yatsun yara masu maiƙo. Ta yi haƙuri da kofin shayin da ake ɗora mata a baya. In wuta ta ɗauke, ita ake ɗagawa a nemo ashana. Ba ta taɓa neman a saya mata wani abu ba sai caja. Shi ma Auta ya riƙe ta da mutunci: ya sa tela ya ɗinka mata riga, ya hana a zuba mata wasannin yara, ya kuma tare mata faɗa a gaban abokan sana'a masu sababbin na'urori, waɗanda ke ce mata tiren shayi. Ya sha cewa duk wanda ya raina ta shi ya raina. Yanzu in ya tuna wannan maganar, kunya ce ke kama shi.

Ciwon ya fara da ƙananan abubuwa. Kusurwarta ta hagu ta daina jin yatsa. Daga baya ta fara jin yatsun da ba a ɗora mata ba, sai a ga ta tsayar da ɗauka ana tsakiyar jimla. Auta ya ɓare ledar fuskarta, ya goge ta da tsumma mai laushi, ya koyi wanke hannu kafin ya taɓa ta, abin da matarsa ta ce ta yi shekaru tana roƙo bai yi ba. Sannan shafin ya fara ƙin buɗewa, domin duk sanda akwatin waya-fai ya mutu ya farfaɗo, sai ya sauya wa babbar kwamfuta adireshi, marigayiya ta je tsohon gida ta yi ta sallama. Auta ya zauna ya koyi yadda ake kafe adireshin. Ya share abin da burauza ta tara, ya sauke wata burauzar, ya kashe ya kunna har ya gaji. A intanet ya tarar da wani bawan Allah da ya yi irin tambayarsa tun da daɗewa, ya kuma dawo ya rubuta cewa ya gyara, ya gode, bai faɗi yadda ya gyara ba. Auta har yau yana riƙe da mutumin nan a ransa.

Ya kai ta wurin mai gyaran waya na bakin titi. Mai gyara ya juya ta gaba da baya ya ce, "Maigida, wannan ai ta ga jiya ta ga yau. Ko sabuntawa ba ta karɓa. Ka sallame ta kawai."

Auta ya ce, "Gyara na kawo, ban kawo ta ka zage ta ba."

Abin da ya sa ya tsaya mata shi ne, a duk tsawon jinyar nan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. In ba za ta iya ba, takan nuna farin shafi da ɗan rubutun ban haƙuri, shi kuma ya tashi ya gyara. Ya ɗauka halinta ke nan har ƙarshe.

A nan dole a ambaci Baba, mahaifin Auta, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, mutumin da maganarsa ta yini ba ta cika tafin hannu. Tun rasuwar Mama, mahaifiyar Auta, bai ƙara kiran sunanta ba, in an yi zancenta sai ya tambayi ƙarfe nawa. Da mantuwa ta fara kama shi, Auta ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa. Aka gyara masa gado a falo inda iska take, aka matsar da kujeru, akwatin waya-fai kuma aka cire shi daga wurinsa aka jona shi a soket ɗaya da firiji. Babu wanda ya ɗauki wannan a bakin komai.

Wata safiya Baba ya tashi garau. Ya gane kowa, ya kira jikoki da sunayensu ba tare da ya haɗa su ba, ya sha shayinsa, sannan ya dubi ɗansa ya ce, "Auta, ɗauko abin nan naka. Yau ina tune da uwarku tun daga farko."

Auta ya yi shekaru yana roƙon wannan ranar. Nan da nan ya buɗe shafin, ya gwada, ya je ya duba babbar kwamfuta da idonsa, ya ga komai lafiya. Ya zaunar da Baba gaban makirufo, ya sa masa matashi a baya. Da ya ɗora abin ji a kunne sai ya jiyo gurnanin firiji yana ratso bango. Dama dokar gidan ce, in za a ɗauki murya a kashe duk abin da ke ƙara, kuma wannan ɗaukar ba ta tallan sabulu ba ce. Ya leƙa ya ce, "Maman yara, kashe min firijin nan daga bango." Ta kashe. Gida ya yi tsit, irin shirun da bai taɓa samu ba. Ya rufe ƙofa, ya taɓa maɓalli. Marigayiya ta ce ƙit, ta koma ja, agogonta ya fara ƙirga.

Baba ya yi magana har rana ta karkata. Ya faɗi tashar motar da ya fara ganinta, da lemar da ya ara don ya raka ta, da dariyar da ta yi wa takalminsa. Ya jero sunayen danginta na wajen uwa waɗanda babu mai sanin su yanzu. Ya faɗi abin da ta ce masa daren da aka haifi Auta. Akwai wata 'yar waƙa da take yi in tana guga, Baba ya rera ta daga farko har ƙarshe da muryarsa mai karkarwa, ya tsaya ya share ido, ya ci gaba. Auta yana jin komai tar a kunnensa, domin abin jin daga makirufo yake ɗauka kai tsaye. Sai dai ji irin na ma'aikaci ya yi: yana lura da nisan bakin Baba da makirufo, yana tsoron ƙarar kujera, yana leƙen jan maɓalli. Bai wahalar da kansa wajen riƙe kalmomin ba, tunda ga wadda aka ɗauka aikin riƙewa tana nuna masa ja.

Da aka gama ya raka Baba gado, ya wuce ɗakin babbar kwamfuta yana murmushi. Ya tarar da manhajar yadda ya bar ta. Layin ɗauka yana tsaye a farkon shafi, babu ko tari.

Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tun lokacin da aka kashe soket, akwatin waya-fai ya mutu tare da firiji, hanya ta yanke tsakanin marigayiya da babbar kwamfuta. Mai gyara ya yi bayani cewa shafin ya riga ya buɗu, don haka in an taɓa shi da kansa yake sauya launi, da kansa yake kunna agogo. Ya ce, "Jefa saƙon take yi, Maigida, ba ta tsayawa ta ji ko an karɓa."

Maman yara ta yi kuka ta ce ita ta jawo. Auta ya ce, "Ke na ce ki kashe, kin kashe, kin kuma ce min kin kashe. Wa kika yaudara? Ita fa da ke hannuna tana kallona?"

Wannan shi ne abin da ya kasa haɗiyewa. Da ta mutu a ranar, da ya yafe. Da ta daskare, ko ta nuna farin shafinta na kullum, da ya tashi ya kunna soket, ya ba Baba haƙuri, a haƙura da gurnanin firiji. Amma ta zauna a cinyarsa yini guda tana ƙirga daƙiƙun da babu su, fuskarta ja wur, alhali ta san babu inda saƙo ya je. Shi da ya ɗinka mata riga. Ya kwashe kwanaki yana tone babbar kwamfuta lungu-lungu ko wani ɓurɓushi ya maƙale, ya tone ita kanta marigayiyar ko kunnenta ya kama wani abu. Abin da ya rage masa shi ne tasha da lema da takalmi, da farkon waƙar gugar, wanda yake ta maimaitawa ya kasa wuce layi na biyu.

Ranar Laraba ya so ya tabbatar. Ya buɗe shafin, ya zare wayar akwatin waya-fai, ya riƙe ta a hannunsa na hagu, ya taɓa maɓallin da na dama. Marigayiya ta ce ƙit, ta koma ja, ko kunya babu. Daga nan ne ta faɗi. Iyali suna roƙon jama'a da kada kowa ya auna nisan da ke tsakanin kujerar Auta da bangon da ta faɗa wa, wanda shi kaɗai ne a ɗakin ba a sa wa soso ba. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tas.

Ta rasu ta bar caja mai karyayyen wuya, da rigar da tela ya ɗinka, da babbar kwamfuta wadda ta rantse babu saƙon da ya iso ta. Ta bar akwatin waya-fai, wanda yanzu aka ba shi soket nasa shi kaɗai, da firiji, wanda bincike ya wanke. Ta kuma bar Auta, wanda ya koma zarya tsakanin ɗaki biyu, ya danna ya tsaya ya ga layin yana tafiya da idonsa kafin ya juya.

An sake gwada zaunar da Baba gaban makirufo. Ya dubi abin, ya dubi barguna, ya tambayi wa ya yi shanya a bango. Da Auta ya lallaɓa ya ce ko zai ƙara ba shi labarin Mama, sai Baba ya dafa hannunsa ya ce, "Ai na ba ka duka. Yana cikin abin naka, ni na huta da riƙo." Har yau Auta bai gaya masa gaskiya ba.

Za a yi jana'iza gobe da safe. Mai gyara zai cire batir, domin ya ce yana kumbura. Za a naɗe gawar a rigarta a sa ta a aljihun tebur na ƙasa, tare da matattun rimot da makullan da ba a san ƙofarsu ba. Ba a buƙatar gudummawar sabuwar na'ura. Duk wanda ya zo ya tambayi Auta ko ya gwada kashewa ya kunna, za a raka shi bakin ƙofa.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakin ɗaukar murya, kuma ana roƙon masu zuwa su yi ƙasa da murya, kada su ambaci abin da ya kawo su in sun zo wucewa ta falo. Baba yana zaune a wurin. Kusan komai ya kuɓuce masa, amma yana tune da cewa ɗansa ya ɗauki labarin Mama, kuma yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ya ɗan jira, yanzu Auta zai kunna. In ya gaya muku, ku ce masa to.