Yadda Ake Ƙin Zuwa Kotun Mota, Daga Bakin Surukar Wanda Ya Gwada

Kai da ɗan sanda ya miƙa wa takardar sammaci a bakin titi, kana ta juya ta ko rubutun zai canza, matso nan. Ni tsohuwa ce, karatuna bai wuce aji huɗu ba, ban taɓa riƙe sitiyari ba. Amma wannan aiki na gan shi tun daga farkonsa har ƙarshensa ta tagar ɗakina. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba tsallake, za ka yi sati bakwai cur ba ka ga fuskar alƙali ba. Abin da ke bayan sati bakwai ɗin, za mu zo kansa.

Wanda na koya a wurinsa mijin 'yata ne, mai koyar da tuƙi. Unguwa na kiransa Malam A-Hankali, don ko ruwa ya ga mutum na sha sai ya ce masa a hankali. Yana da ƙaramar farar mota mai allo a samanta, an rubuta lambar wayarsa da jan fenti, kowace lamba girman tafin hannu. Lasisinsa shi ne abincin gidanmu: shi, 'yata, yara uku, sai ni da maganin gwiwata. Riƙe wannan a ranka.

Mataki na 1: Yi laifin da ba za ka iya faɗa wa kowa ba

Kada ka yi laifi mai dalili, irin na wanda ke gaggawar kai mara lafiya asibiti. Wannan ana tausaya wa mutum, sai ka ga ka je kotu ba kunya. Nemi laifin da ya saɓa wa duk abin da kake wa mutane wa'azi a kai.

Surukina shekara goma sha huɗu yana koya wa mutane cewa jar danja uwa ce, ba a tsallake ta. Ran nan shi kaɗai a mota, ba ɗalibi, ya tsallake ta a gaban ɗan sanda. Aka rubuta masa: Talata, ƙarfe tara na safe, ɗaki na biyu. Ya dawo gida ya ce rana ce ta haske masa ido. Ranar kuwa da hadari aka wuni.

Mataki na 2: Samar wa takardar aikin yi

Kada ka yaga ta. Yagawa ta masu laifi ce. Mutumin kirki amfani yake nema wa abu.

Gilashin ƙofar motarsa ya daɗe yana karkarwa. Ya ninke takardar gida takwas ya cusa a gefen gilashin. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Ya shigo yana murmushi, ya ce da 'yata, "Kin gani? Komai da ranarsa."

Ta ce, "Ita ma Talata da ranarta."

Bai ji ba. In matarka ta yi irin wannan magana, kai ma kada ka ji.

Mataki na 3: Nemi shawarar waɗanda ba su taɓa shiga kotu ba

Wannan matakin shi ne ginshiƙi. Ka guji lauya, ka guji duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali, don za su ɓata maka shiri da gaskiya. Je ka wurin mai faci.

Mai facin bakin layinmu ya ce masa, "Malam, mutum nawa ne ke karya danja a rana? In sun ce za su bi kowa, wa zai rage a titi?"

Mai wankin mota ya ce ai takardun nan a buhu ake tarawa, ƙarshen shekara ɓera ya gama da su. Mai aski ya ce shi ƙanin matarsa ya ƙi zuwa kuma ba abin da ya faru. Da na tambayi matar mai askin ina ƙanen nata, ta ce ya kusa fitowa. Amma ni ba a nemi shawarata ba, sai na yi shiru. Na dai faɗa wa mata huɗu.

Mataki na 4: Ranar Talata, ka zama mai aiki

Tashi da wuri. Kada a gan ka zaune, don mai zama ake tuna wa abu.

Surukina ya wanke mota sau biyu. Ya gyara famfon tsakar gida. Ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Mama, rediyonki na ji kamar yana shaƙewa."

Na ce, "Lafiyarsa lau."

Ya ce, "Irin wannan shi ne mai haɗari."

Ya kwance shi tas ya baje a kan tabarma. 'Yata ta fito da rigarsa a goge a hannu, ta ce, "Baban yara, takwas da rabi."

Ya ce, "Ba ki ga ina yi wa Mama aiki ba? So kike in bar tsohuwa ba labarai?"

Ƙarfe tara ta same shi da sukurudireba a baki. A can kuwa, an kira sunansa sau uku a ɗaki na biyu. Na sani don mai sharar kotun ƙawata ce, layin asibiti ɗaya muke bi. Ta ce alƙali ya ɗaga kai ya dubi benci, ya sunkuya ya yi rubutu layi biyu. Ta ce in ya yi rubutu mai tsawo, da sauƙi. Gajeren ne abin tsoro.

Rediyona bai sake magana ba har yau.

Mataki na 5: In masinjan kotu ya zo, tura surukarka

Bayan sati biyu wani mutum mai jaka ya yi sallama. Surukina ya hango shi ta katanga, ya faɗa banɗaki, yana raɗa, "Mama, don Allah ki ce na yi tafiya."

Na fita na ce ya yi tafiya. Masinja ya dubi motar a ƙofar gida, ya dubi takalman surukina a bakin ɗaki, ya ce, "Allah ya dawo da shi lafiya."

To ni ban iya korar baƙo ba. Na sa masa kujera a inuwa, daidai kusa da banɗakin, na kawo ruwa. Ashe matarsa 'yar ƙawar ƙanwata ce, kuma ta yi yaji. Ka ga dole a zauna. Awa ɗaya da kwata muna hira.

Da zai tafi ya ce, "Iya, ki faɗa wa matafiyin, da laifinsa ɗaya ne, yanzu biyu ne. Na farko danja, na biyu raina kiran kotu, kuma na biyun ya fi nauyi. An fitar da takardar kama shi. Duk ɗan sandan da ya gan shi na iya ɗaukarsa, ko a kasuwa. In ya kawo kansa yanzu, da sauran magana. In ya bari abin ya tsufa, ba lasisi kaɗai zai tafi ba, shi ma zai bi."

Ya faɗi wannan da ƙarfi, yana fuskantar ƙofar banɗaki. Mutum ne mai tarbiyya.

Surukina ya fito jiƙe da gumi ya ce, "Barazana ce kawai."

Mataki na 6: Ɓuya

Sayi baƙin tabarau da hula mai baki. Sa su. Sannan ka shiga farar motarka mai lambar wayarka a sama da jan fenti. Yanzu ba wanda zai gane ka.

Daina bin babban titi. Surukina ya koma koyarwa a lunguna, bayan makaranta da bayan kasuwa. Akwai wata malamar jinya da ta yi sati biyar tana koyo, ba ta taɓa ganin danja ba. Da ta tambaya, ya ce sai ta ƙware a lungu tukuna. Ta ƙware ta koma wurin wani.

In ka hango kaki, nutse. Ya riƙa zamewa ƙasan kujera ko da mai gadin banki ya gani. Wani ɗalibi ya juyo zai tambaye shi giya ta nawa zai sa, ya ga ba kowa sai hula. Shi ma bai dawo ba.

A gida kuma, ka daina cin abinci, ka riƙa yi wa yara tsawa in sun buga ƙofa. Kada ka kula da matarka. Tawa 'yar ta rame har zobenta na zamewa. In an yi sallama sai ta saki abin da ke hannunta. Na same ta a kicin tana kuka ba sauti, na tambaya, ta ce albasa. Ba albasa a gidan.

Ta ce, "Inna, in suka ɗaure shi fa?"

Na ce, "Wanke fuskarki."

Washegari na tafi asibiti ganin likitan gwiwa. Layi ya yi tsawo.

Mataki na 7: Kada ka ƙi sabuwar ɗaliba

A sati na bakwai ɗalibanka za su ƙare. Sai waya ta yi ƙara. Ɗauka.

Mace ce, mai ladabi. Ta ce ta ga lambarsa a saman mota, ta ji kuma ba wanda ya kai shi haƙuri. Ya ɗauke ta ƙarfe takwas a gaban kantin magani, doguwa, da gyale da jaka. Ta zauna a sitiyari, mota ta mutu a hannunta sau uku. Ya ce, "A hankali, Hajiya, a hankali. Saki kulocin kamar kina ajiye jariri."

Ta ce, "Malam, ni matsalata ɗaya ce. Ƙofar wurin aikinmu ƙunci gare ta, kuma da baya ake fakin. Kullum abokan aiki dariya suke mini."

Ya gyara zama. Wannan fanninsa ne. Ya ce, "Mu je can ɗin. A wurin ciwo ake sa magani."

Ta bi lungu, ta bi wani lungun, abin da ya ƙara masa ganin hankalinta. Suka iso wata ƙaramar ƙofar ƙarfe a bayan wani dogon gini. Ga amfanin mataki na huɗu: mutumin da bai taɓa zuwa gaban kotu ba, ina zai san bayanta?

Shi da bakinsa ya ce, "Sigina. Shiga. Kada ki ji tsoro, ina tare da ke."

Ta shiga. Ta sa ribas da hannu ɗaya, ta zura motar tsakanin motocin 'yan sanda biyu, ko tafin hannu bai rage ba ta kowane gefe. Ta ja birkin hannu, ta zare makulli, ta ciro katin aikinta na 'yar sanda daga jaka ta nuna masa.

Ta ce, "Malam, na iya?"

Ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya ce, "Ba ki duba madubi ba."

Mataki na 8: Yi wa alƙali bayani

Za a karɓe maka bel da igiyar takalmi, a zaunar da kai a wani ɗaki mai benci ɗaya da mutum goma sha ɗaya, har ƙarfe uku. Yi amfani da lokacin ka shirya hujja.

Da aka shigar da surukina gaban alƙali, mu muna bencin baya, ni da 'yata. Alƙali ya ce, "Takardar farko ta same ka?"

"Ta same ni, ranka ya daɗe."

"Tana ina?"

'Yar sandan ta miƙa ta, a ninke gida takwas, da tsatsar ƙofa a jikinta. Alƙali ya ɗauki lokaci yana buɗewa.

"Me ya hana ka zuwa?"

"Ranka ya daɗe, rediyon surukata ne ya lalace."

Alƙali ya dubi bencin baya ta saman tabarau. "Haka ne, Iya?"

Na ce, "Ya lalace, ranka ya daɗe. Wajen ƙarfe tara."

Ya ce da ya zo ranar Talata, tara ce da gargaɗi, minti goma ya koma bakin aikinsa. Yanzu ga tarar, ga ta raina kotu, ga lasisi an riƙe wata shida, ba tuƙi, ba koyarwa. Ya ce ya so ya ƙara masa da kwanaki a ciki, amma ya ga mutum ne da ya nuna wa hukuma hanya da kansa, har da sigina.

Mataki na 9: Zauna a baya

Ashe 'yata na da lasisi. Shi ya koya mata tun suna amarya da ango, sannan ya hana ta taɓa motar, wai ƙafarta na da nauyi. Yanzu an sauke allon, ita ke kai yaran maƙwabta makaranta ta ɗauko su, da kuɗin muke ci. Zoben ya daina zamewa. Sallama ma ita ke amsawa.

Ni nake zama a gaba saboda gwiwa. Shi yana baya, yana taka birkin da babu. In mun zo danja takan tsaya tun tana ruwan ɗorawa, ta dube shi ta madubi, ta ce, "Baban yara, na yi daidai?" Gilashin ƙofa kuwa na ta karkarwa.

Sanarwa

Ni ba lauya ba ce. Wanda ya bi matakan nan ya rasa lasisi, ko aiki, ko igiyar takalmi, kada ya zo ƙofata. Ban aike shi ba.

Masu cewa kuma an gan ni a layin asibiti da uwar 'yar sandan nan, kai da kai, har aka kira lambata ban ji ba, su ji tsoron Allah. Hira muka yi ta tsofaffi. Na ce mijin 'yata ya iya koyar da ribas, ba ya ƙin ɗalibi, kuma bai san unguwar kotu ba. Duk wannan yabo ne. Lambar waya kuwa tana saman mota, kowa ya gani. Abin da na roƙa ɗaya ne, in za a yi, a yi da safe, kada ya kwana a can.

Jiya surukina ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa. Sannan ya ce, "Mama, akwai wata tambaya da nake son yi miki."

Na ce, "In ka gyara rediyona, ka yi."