Ranar Da Na Huda Wandon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Kafanchan ba, lokacin ina sabon malamin fisiks a Kwoi, ina neman auren Rifkatu. Na je gaishe da babanta, Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin reluwe, na tarar da shi a tsakar gida ya yi tagumi. Ashe likita a Kaduna ya ce sai an yi masa aikin ido da leza, shi kuwa ya ji an ce leza har ƙarfe tana yankawa.

Ba wanda ya tambaye ni (wannan ciwon shisshigi har yau bai sake ni ba), amma na gyara zama. "Baba, kada ku ji tsoro, haske ne kawai. In ya bazu ba shi da ƙarfi. Sai an tara shi a ɗan ɗigo yake cizo."

Na karɓi gilashin da yake karanta Littafi Mai Tsarki da shi, na riƙe shi tsakanin rana da ƙafarsa. Faffaɗan haske ya sauka a gwiwarsa.

"Kun ji zafi?"

"Ko kaɗan."

Na ɗaga gilashin a hankali, hasken ya tsuke kamar ƙwayar acca. Daidai nan Rifkatu ta fito da ruwan citta. Na juya ina ta washe baki, hannuna kuwa yana inda yake.

Ƙauri na fara ji, sai ihun Baba. Hayaƙi na tashi daga wandonsa na zuwa coci!

"Wato haka za su yi wa idona? Ni da Kaduna har abada!"

Ban san yadda na isa tasha ba. Kwanaki na kasa cin abinci: ga aure zai kuɓuce, ga tsoho zai makance saboda surutuna.

Da na daure na koma ba da haƙuri, sai na same shi riƙe da wandon yana dubawa.

"Malam, zauna. Ka ga, ɗan wurin nan kaɗai ya ci, ko zare ɗaya bai taɓa a gefe ba. In likita ya fi ka natsuwa, zan je."

Ya je, ya dawo yana karatu lafiya lau. Ni kuma na sami mata, na kuma koyi cewa duk gwajin da zan yi, a kan gwiwata zan fara.