Sanarwar Rasuwar Baƙa, Wadda ta Riƙe Muryar Malam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da har yau bai kwanta ba, Mu'awiyya ɗan marigayi Malam Muhammadu Auwalu na Malikanchi, a madadin mahaifiyarsa Inna Mero da ƙanwarsa Raudatu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta rasu ranar kasuwar Makarfi, daidai azahar, a kan teburin mai gyara, tana da shekara tara a gidan.

Marigayiya ba ta san gaggawa ba. A kunna ta, a je a yi alwala a dawo, sannan take buɗe ido. Amma mai riƙon amana ce. A azumin Malam na ƙarshe, da ciwo ya hana shi fita zaure, Mu'awiyya ya riƙa ajiye ta kusa da buzunsa a tsakar gida, ta ɗauki karatunsa izu sittin cif. Ta ɗauki gyaran muryarsa, da tarinsa, da carar zakara. A tsakiyar izu na goma sha biyu kuma ta ɗauki inda ya dakata ya ce, "Mero, kori kajin nan, za su zubar mini da tawada." Shekara huɗu da rasuwarsa, kowace Juma'a bayan asuba wannan izun Inna Mero take sa a kunna mata, kuma in an zo wurin sai ta amsa masa.

Ciwon ajali ya faro ne bayan casar masara. Muryar ta fara yin ƙasa, kamar mai magana a cikin rijiya. An ƙara sauti har ƙarshe, babu canji. Raudatu ta ɗora ta a kan kwano ko amo zai ƙaru, an shanya ta a rana, an hura mata iska da baki. Ranar da Mu'awiyya ya tarar da tsohuwa durƙushe a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta kara kunne a jikin kwamfutar, ranar ce ya goya Baƙa a babur sai Makarfi, wurin wani mai gyara, Bilya.

Bilya kuwa magani ɗaya ya sani a duniya: filashin, wato a share komai a sake zubi. Waya ta yi zafi, filashin. Ta faɗa ruwa, filashin. Sau uku Mu'awiyya ya gaya masa murya kawai ya kawo a ɗaga, akwai abin da ba a taɓawa a ciki. Sau uku Bilya ya ce ba matsala, ko kai bai ɗago ba. Mu'awiyya ya tafi salla. Kafin ya dawo an share izu sittin kamar an wanke allo, sautin kwamfutar kuma yana nan ƙasa yadda yake. Sai a lokacin gwanin ya ɗauko tsohon burushi ya goge ramukan sifika, ƙaiƙayin masara ya zubo, sauti ya dawo har maƙwabta suna juyowa. Aikin da bai kai minti biyu ba. Garin gyaran gira an rasa ido, mai aikin kuma ya tsaya yana murmushi, yana jiran a sa masa albarka.

Masu cewa tana raye tunda tana kawo wuta, su riƙe ra'ayinsu. Muryar da ta kai ƙofar gida amma ba ta da abin faɗa, wannan gangar jiki ce. Mu'awiyya bai wanke kansa ba. Shekara huɗu yana cewa gobe zai kwafe karatun a wani wuri, kuma wannan goben ita take hana shi cin abinci. Fushinsa kashi biyu ne, babban kashin nasa ne.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba a wuya, da linzami mai danna gefe ɗaya, da jaka mara zif. Batirinta ya riga ta tafiya da shekara uku.

Za a rufe ta a jakarta ranar Juma'a bayan asuba, a ɗora ta a kan akwatin littattafan Malam. Ba zaman makoki. Duk wanda ta'aziyyarsa za ta fara da tambayar me ya sa ba a ajiye a memori ba, ya yi zamansa a gida, an yafe. Bilya ma an yafe masa zuwa. Ɗaliban Malam na Furana da Kudan, wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa a waya ko ta minti ɗaya ce, don Allah ya taho da ita.

Ana roƙon masu shigowa, in sun ga kaji a tsakar gida, kada su kora. Juma'ar da ta wuce Inna Mero ta shimfiɗa tabarmarta a inda ta saba, ba abin da aka kunna. Ta zauna gwargwadon rabin izu, sannan ta tashi ta kori kajin, ta ce, "To, Malam."