Amyar Baba ta Ƙarshe

Ko na so in manta da ranar nan, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba, don har yau Dabbur suke kirana, ni da furfurata.

Babana mai zuma ne. Da can amyoyinsa sun cika itatuwan bakin kogi, ƙasa da garin Abu Hujar, tsufa ya rage su saura guda a kan wata tsamiya. Ni kuwa shekara huɗu na yi a madarasa a Sinnar aka koro ni, na dawo da Larabci da girman kai, ba takardar shahadar gama karatu. Duk abin da ke tashi yana harbi, sunansa ɗaya a bakina, na Larabci: dabbur.

Baba ya sha gaya mini ba haka ba ne. Zuma tana cikin amya ko kogon icce, ba ta kula ka sai ka taɓa gidanta, in ta harbe ka ma mutuwa take. Zanzaro ginin laka yake a bango, shi kaɗai, ba ruwansa da kowa. Rina kuwa rataye gidanta take a ƙarƙashin reshe, ga dangi, ga baƙar zuciya, ba ta gajiya da harbi. (Ina gyaɗa kai ne kawai, hankalina na wurin rediyo.)

Da ciwo ya kwantar da shi ya daina cin komai. Wata Juma'a ya ce zumar amyarsa yake marmari. Ƙanensa, Baba Isa, ya ce a bari rana ta faɗi ya hau da hayaƙi. Na ce wane irin jira, ɗansa na raye?

"Kai, akwai rina ga reshen ƙasa," in ji Baba daga kan gado. "Ka bi ta bayan iccen."

"Dabbur ne kawai, Baba. Nawa na fasa a ɗaki da takalmi?"

Ashe duk rayuwata gidan zanzaro nake fasawa, ina ɗauka jarumta ce.

Da la'asar na hau. Na ga wani abu toka-toka yana reto kamar busasshen soso, na cire takalmi na maka masa. Jama'a, ban san fuskar mutum na da faɗi haka ba sai ranar. Na kai hannu in kama reshe, na cafko igiyar amya, muka sauko tare. Amyar ta tsage gida biyu, zuma ta malale a yashi, ƙudajen zumar suka haɗu da rina a kaina. Na yar da jallabiya, wando ya maƙale a ƙaya na bar mata, na faɗa kogi, daidai inda mata ke wanki.

"Innalillahi! Wane na wanga ba wando?"

Muryar surukata ce, matar da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Wata ta ce, "Inna, mijin Hawwa ne."

Kafin a kai ni gida idanuna sun kumbura sun rufe ruf. Na sa aka sayo zuma a kasuwa, aka ja ni har bakin gadon Baba, na ce ga ta amyarsa. Ya lasa sau ɗaya.

"Wagga ba tawa ba ce."

Ya lalubo fuskata, ya daɗe yana shafawa. "Rina ce?"

"Rina ce, Baba."

"To, ka san sunanta yanzu."

Washegari ya rasu, idona bai buɗe ba. Aka yi masa wanka ina zaune a gefe, ban ga fuskarsa ba. Masu ta'aziyya su riƙe hannuna su ce Allah ya jiƙansa, suna fita ƙofa in ji dariya na ƙwace musu. Ban ga laifinsu ba.

Yanzu zanzaro ya yi gini a ɗakin Baba, sama da inda gadon yake. Na hana kowa taɓawa. Abin da na koya dai bai fi haka ba: in tsoho ya ba abu suna uku, kada ka mai da su ɗaya don ka yi aji huɗu.