Minti Goma a Kujerar Kaka

"…lafiya lau muka yini, sai dai wanda ya faɗo min ɗaki da takalmi," in ji Kaka, ba ta ko ɗago kai daga ɗinkin da take yi ba. "Wa ya koro ka? Ko kazar mutane ka take?"

"Tashi ki taka rawa, tsohuwa, in ƙafar za ta ɗauke ki. An sauka lafiya! Mace!"

Allura ta suɓuce daga hannunta. Ta yi hamdala har sau uku, ta miƙe tsaye ba tare da ta nemi sandarta ba, abin da rabonta da yi tun bara. Jikan nata, wanda ita ta laƙa masa suna Zalɓe tun yana rarrafe saboda tsawon wuya da ƙafa, ya wurgar da mukullin mota a bakin gado, ya durƙusa yana nuna mata hoton jaririyar a waya. Bakinsa ya ƙi rufuwa. Da an ce ya kyautar da rigar jikinsa a lokacin, da ya tuɓe ta.

"Duba hancin nan," ya ce. "Irin naki ne sak, kamar an zauna a kai. Tun yau na fara tausayinta."

"Hancin da ya sa kakanka ya yi wata uku yana sintiri a ƙofar gidanmu? Kai dai roƙi Allah kada ta ɗebo wuyanka, a rasa sarƙar da za ta zagaye shi."

Ya tuntsire da dariya, sannan ya ce ta miƙo masa jakar kayan jaririyar da ta ɗinka, yanzu zai kama hanya. Matarsa tana garin iyayenta, tafiyar awa huɗu, a can ta haihu. In ya taka mota sosai, in ji shi, kafin sha ɗaya yana riƙe da 'yarsa.

A nan murnar Kaka ta koma ciki. Ta san tun kafin asuba ya fita rarraba kaya a motar wurin aikinsu, ga shi sai bayan magariba ya dawo. Ta dubi idanunsa, jawur kamar garwashi, ta kuma ga hammar da ya haɗiye yana zaton ba ta gani ba. Ta taga tana hango tasa motar a ƙofar gida, ya bar ta da fitila a kunne, ɗaya tana ci, ɗaya a mace. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ɗanta, uban wannan yaron, ya tsaya a wannan ɗakin da irin wannan murnar, da irin waɗannan idanun, ita da kanta ta ciro masa mukulli daga ƙusa ta miƙa masa. Barci ya ɗauke shi a kan sitiyari, bai kai ga ganin ɗansa ba. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ta san Zalɓe, in aka yi masa kuka sai ya rarrashi mutum ya wuce abinsa. Sai kawai ta koma bakin gado, ta gyara zani, ta zauna daram a kan mukullin.

"Da wace motar za ka?" ta tambaya. "Waccan mai ido ɗaya?"

"Ke da ita ai jirgi ɗaya ya ɗebo ku. Ke ma da ido ɗaya kike gani, ga shi ba abin da ke wuce ki a unguwar nan."

"Ni ba na gudu a titi. Mai babbar mota ya hango fitila ɗaya cikin duhu, cewa zai yi babur ne, ya bar maka hanyar babur. Sauran rabin motar fa, a aljihu za ka sa shi?"

"Kaka, ni fa ko ido rufe na san hanyar nan."

"Abin da nake gudu ke nan, ido rufen."

Ya shiga lalube. Ya duba aljihu, ya ɗaga matashi, ya leƙa ƙarƙashin gado har ƙeyarsa ta bugi katako. Da ya ɗago ya gan ta zaune ƙiƙam tana zura zare a allura, fuskar nan kamar ba ta taɓa yin laifi ba, sai ya gane.

"Tsohuwa, tashi."

"Ƙafata ta riƙe."

"Yanzun nan kika miƙe kamar 'yar shekara ashirin."

"Murna ce ta ɗaga ni, ta kuma ajiye ni. In kana da ƙarfi ɗauke ni, mu ga ko waɗannan sillayen ƙafafun naka za su iya."

Ya yi lallashi, ya yi cika baki. Ya ce shi direban da barci ke tsoro ne, ya taɓa kwana uku a kan hanya bai ƙifta ba, har mujiya takan zo neman shawara wurinsa. Ya yi alkawarin sayo mata haƙoran roba masu walƙiya, da tabarau irin na 'yan gayu. Ta ce haƙoran da suka rage mata guda shida sun ishe ta cin naman sunan da zai yi ƙwauronsa, kuma sauri shi ya haifi nawa. Ya ce karin maganarta ta tsufa har ta yi furfura. Ta ce da tsohuwar zuma ake magani.

"To, mu yi ciniki," ta ce daga ƙarshe. "Kakanka ya yi shekara arba'in yana jan babbar mota, ko akuya bai taɓa bugewa ba. In abokin tuƙinsa ya ce zai yi tafiyar dare, gwaji ɗaya yake yi masa. Ga kujera can. Zauna minti goma, ba waya, ba shayi, ba magana, ido a buɗe. In ka cika, in tashi, har addu'a in bi ka da ita."

"Don me ba magana?"

"Hanya tana hira da mutum ne? Shiru ne da duhu da farin layi, sai kai kaɗai."

"Minti goma kacal? Ki fara shirya ƙafar taki."

Ya faɗa cikin tsohuwar kujerar kakansa mai laushi, ya harɗe ƙafa, ya zare mata ido don tsokana. Agogon bango yana ta ƙas-ƙas. Kaka ta ɗauki ɗinkinta, amma ba ta ga inda allura ke shiga ba. In ya cika goman fa? Ta yi alkawari, kuma ba ta taɓa saɓa masa alkawari ba. A minti na uku ya yi mata gwalo. A na biyar ya sauke ƙafa, ya murza ido. A na shida dogon wuyan nan ya fara lanƙwasa, ya zabura ya miƙar da shi, ya ce, "Ina ganinki fa." Ta nuna masa agogo, ta ɗora yatsa a leɓe. Ba a kai na takwas ba, minshari ya cika ɗakin.

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kuncinta, na daɗi da na tuna baya a haɗe. Ta zare masa takalmi, ta lulluɓa masa mayafinta, ta aika maƙwabci ya kashe fitilar motar. Da wayarsa ta yi ƙara, ta ga hoton matarsa, ta ɗauka ta yi mata barka, ta gaya mata inda angon ƙarni ya ƙare. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta ce dama kiran da ta yi ke nan, don ta roƙe shi ya bari sai da safe.

Kiran sallar asuba ne ya tashe shi. Ya zabura yana tambayar minti nawa ya rage. Kaka tana tsaye a bakin ƙofa, ta sha kwalliya, jakar jaririya a hannu ɗaya, sanda a ɗayan.

"Saura biyu," ta ce. "Mujiya ta zo neman shawara, na ce malam yana barci."

Ya dubi mayafin da ke jikinsa, ya dubi agogo, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Can dariyar ta lafa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke jikin bango kusa da ƙofa, wadda ba a taɓa rataya komai a kanta ba tun tasowarsa.

"Kin ci, tsohuwa," ya ce a hankali. "Ita wannan za ta ga ubanta."

Kaka ta juya fuska, ta yi kamar tana gyara ɗankwali. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta ciro mukullin ta miƙa masa.

"Gidan gaba nawa ne," ta ce. "Kuma mu fara tsayawa wurin mai gyara a sa wa motar nan ido. Mai ido ɗaya guda ta isa a tafiya."